Littafin da Ka Saya a Waya, Naka Ne ko na Aro?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanakin baya da aka tashi daga karatun la'asar wani ɗalibi ya tare ni a ƙofar masallaci, waya a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini wannan abu. Wani sharhin Risala na saya a cikin wata manhaja, da kuɗina na biya. Na tura wa abokin karatuna, ya ƙi buɗuwa a wajensa. Da na tafi gona na yi kwana goma a daji, ni ma ya ƙi buɗe mini, wai sai na hau intanet an tabbatar ni ne. To Malam, littafin nan nawa ne ko ba nawa ba ne?"

A lokacin dai na ce masa ya yi haƙuri a bincika. Da aka bincika sai muka ga tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, don ta taɓa ciniki, ta taɓa gado, ta kuma taɓa yadda ilimi zai isa ga jikokinmu. Shi ya sa muka ware mata wannan shafi.

Mene ne wannan makulli?

Abin da ya hana littafin ɗalibin nan buɗuwa wani tsari ne da Turawa ke taƙaita sunansa da haruffa uku, DRM. Mu a nan za mu ce masa makullin haƙƙin mallaka. Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Kamfani zai ɗauki littafi, ko karatun murya, ko bidiyo, ya birkita abin da ke ciki da wani lissafi, har ya zama in ka buɗe shi kai tsaye ba abin da za ka gani sai shirme. Ba ya komawa daidai sai da wata lambar sirri, ita ce mabuɗi. Wannan mabuɗi kuwa ba a hannunka yake ba. Manhajar kamfanin ce ke karɓo shi, ta buɗe maka, ta kuma bi dokokin da aka gindaya mata: a waya nawa za a buɗe, za a iya kwafa ko a'a, za a iya bugawa a takarda ko a'a, har zuwa yaushe izinin zai ƙare.

Ka ƙaddara ka je kasuwa ka sayi littattafai, mai shago ya zuba maka su cikin adaka ya datse da kwaɗo. Adakar tana ɗakinka, amma mabuɗin yana wuyan yaron shagon. Duk sa'ad da za ka yi karatu sai yaron ya zo ya buɗe, ya tsaya a kanka. In maƙwabci ya zo aro, ya ce ba a yarda ba. In ka ɗauko alƙalami za ka kwafi shafi, ya ce ba a yarda ba. Ran da mai shagon ya karye ko ya yi ƙaura, yaro ya daina zuwa, ka zauna kana kallon adaka. To wannan shi ne hoton abin.

Ina ruwan uwar manhaja a ciki?

Kowace kwamfuta da kowace babbar waya tana da manhaja guda da ke riƙe da ragamar sauran, mu ce mata uwar manhaja. A yawancin kwamfutoci Windows ce ta kamfanin Microsoft. A wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, su Tecno da itel da Infinix da Samsung, Android ce ta kamfanin Google. A iPhone kuma iOS ce ta kamfanin Apple. Ita ke ba kowace manhaja izinin taɓa fuskar waya, da lasifika, da ma'ajiya, da kyamara. Kamar maigida take a cikin gida, ba mai shiga ɗaki sai da saninta.

Muddin uwar manhaja tana bin umarnin mai waya, makullin da muka faɗa yana da rauni. Littafi ya buɗu a fuskar waya, ai sai ka ɗauki hotonsa. Karatu ya fito ta lasifika, sai ka naɗe shi. Don haka masu sayar da finafinai da waƙoƙi da littattafai suka ga gara a mai da ita kanta uwar manhajar mai gadi. Da yawanku kun taɓa ganin alamar haka: ka zo ɗaukar hoton fuskar waya a cikin wata manhaja, sai ta ce ba a yarda ba, ko hoton ya fito baƙi ƙirin. Wayarka ce, da guminka ka saya, amma a wannan lokaci umarnin wani take bi.

Maganar ta daɗe. A 1999 kamfanonin Intel da Microsoft da IBM da HP da Compaq suka haɗa ƙungiya don tsara abin da suka kira amintacciyar kwamfuta. Daga nan aka samu wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ake dasawa a cikin na'ura, sunansa TPM, mai ajiye lambobin sirri a inda ko mai na'urar ba zai iya ciro su ba. A 2002 Microsoft ya bayyana wani shiri mai suna Palladium, wanda zai haɗa wannan ƙarfe da Windows mai zuwa. Nan fa aka yi ca. Ross Anderson, wanda a lokacin malami ne a Jami'ar Cambridge ta Ingila, da Richard Stallman na Amurka, wanda ya kafa yunƙurin manhaja mai 'yanci tun 1983, suna cikin waɗanda suka yi gargaɗi. Tambayarsu guda ce: in an ce kwamfuta amintacciya ce, ga wa take da amana, ga mai ita ko ga kamfani? Shirin Palladium bai fito yadda aka tsara shi ba, amma guntayensa sun rayu. Windows Vista da ta fito kasuwa a 2007 ta zo da wata keɓaɓɓiyar hanya ta kunna bidiyo mai makulli, wadda sauran manhajoji ba sa iya leƙawa.

Doka ma ta shigo. A 1996 aka ƙulla yarjejeniyar duniya a Janiba kan haƙƙin marubuta a zamanin intanet, wadda ta nemi ƙasashe su kare irin waɗannan makullai. A 1998 Amurka ta yi dokar da ta mai da fasa su laifi.

Abin da ya riga ya faru

Kada wani ya ce tsoro ne kawai ake ba mutane. Ga abubuwa huɗu da duniya ta shaida.

Na farko, a 2005 aka gano kamfanin waƙoƙi na Sony BMG yana sayar da faya-fayan CD waɗanda in ka sa su a kwamfuta sai su dasa wata ɓoyayyiyar manhaja ba da saninka ba, don hana kwafa. Manhajar ta buɗe ƙofar da masu kutse suka yi amfani da ita. Sai da aka kai kamfanin kotu, ya janye faya-fayan daga kasuwa.

Na biyu, a watan Yuli na 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle da ke hannun mutane, daga nesa, ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka saya, saboda wanda ya sa su kasuwa ba shi da izinin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos ya ba da haƙuri. Amma kowa ya gane cewa hannun mai shago yana kaiwa har cikin ɗakin mai saye.

Na uku, a 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai. Daga watan Yuli na shekarar littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. An biya su kuɗinsu, amma 'yan bayanan da suka rubuta a gefen shafi sun tafi tare da littattafan. Duk ɗalibin da ya san darajar ɗorar da ya rubuta a gefen littafinsa daga bakin malaminsa, ya san kuɗi ba sa maye gurbin wannan.

Na huɗu ya fi kusa da mu. A watan Oktoba na 2021 aka cire manhajar Quran Majeed daga shagon manhajoji na Apple a ƙasar Sin, bisa buƙatar hukumomin ƙasar. A daidai lokacin wata manhajar littafin Kiristoci ma ta fita daga shagon. Tunda iPhone a can ba ta karɓar manhaja ta hanyar da aka saba sai daga wannan shago guda, rufe ƙofa ɗaya ya isa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke tafe

A watan Oktoba na 2021 Windows 11 ta fito, da sharaɗin cewa sai kwamfuta tana da TPM na biyu da injin da bai tsufa ba. Galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharaɗin ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma wa'adin kulawar da aka saba yi wa Windows 10 ya ƙare. Kwamfutar ba ta mutuwa saboda haka, tana ci gaba da aiki, sai dai gyaran da ke toshe ƙofofin ɓarayi zai yanke mata, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajistarsa. Kun kuwa san irin kwamfutocin da ke zuwa mana Garwa: yawanci na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai.

A nan dole a yi adalci. Shi TPM a karan kansa ba makullin littafi ba ne. Yana da amfani na gaske: in an sace maka kwamfuta yana hana ɓarawo karanta abin da ke ciki, yana kuma taimakawa wajen gane ko an cusa wa na'ura muguwar manhaja. Abin da masana ke jin tsoro shi ne ɗaya aikin nasa. Da shi na'ura za ta iya ba wani kamfani na nesa shaida cewa ba a taɓa ta ba, tana nan yadda aka ƙera ta. Kamfanin kuma zai iya cewa duk na'urar da ba ta kawo wannan shaida ba, ba zai buɗe mata littafi ko bidiyo ko asusu ba. Wuƙa ɗaya ce, ana yanka layya da ita, ana kuma iya yin ɓarna da ita. Magana tana ga wanda ke riƙe da ƙota.

A ɓangaren waya, abin da ya bambanta Android da iPhone tun farko shi ne kana iya karɓar manhaja daga hannun ɗan'uwanka, ta Xender ko Bluetooth ko memori, ka sa a wayarka ba tare da ka bi ta shagon Google ba. Da yawa daga manhajojin Alƙur'ani da na hadisi da na lokutan salla da ke wayoyinmu ta haka suka shigo. A watan Agusta na 2025 Google ya sanar da cewa zai buƙaci duk mai ƙera manhaja ya yi rajista ya bayyana ko shi wane ne kafin manhajarsa ta hau wayoyin Android masu lasisin kamfanin, ko da ba ta shagon aka samo ta ba. Ya ce za a fara a watan Satumba na 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027. Dalilin da ya bayar shi ne yaƙi da 'yan damfara, kuma gaskiya ne ana cutar mutane da manhajojin bogi. Bayan ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya ce zai bar wata hanya ga waɗanda suka san abin da suke yi. Ko yaya aka ƙare, alƙiblar a fili take: kowace shekara ikon mai na'ura a kan na'urarsa yana raguwa, na kamfani yana ƙaruwa.

Me ya sa abin ya fi yi mana nauyi a nan?

Waɗanda suka tsara makullan nan sun tsara su ne don mutumin da intanet ba ya yanke masa, wuta ba ta ɗaukewa, yana da katin banki, yana sake waya duk bayan shekara biyu ko uku. Mu a Ngong ba haka muke ba. A kan titin Garwa zuwa Ngaundere rezo yana da dama-dama, amma ka ratse ka shiga ƙauyukan da ake noman masara da gyaɗa da auduga, sai ka hau tudu kana ɗaga waya sama. Madatsar Lagdo tana nan kusa da mu, amma kowa ya san yadda wuta ke yi in rani ya tsananta ruwa ya ja baya. Littafin da sai ya gaisa da kamfani a Amurka kafin ya buɗu, bai dace da makiyayi ko manomi ba. Kuma a ƙasar nan tamu ta Kamaru an taɓa ganin yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma sun yi kusan wata uku babu intanet a farkon 2017. Wanda karatunsa ya rataya ga rezo, a irin wannan hali karatunsa ya tsaya.

Abu na biyu, waya ɗaya a gidajenmu ta mutum biyar ce. Maigida ya saurari tafsiri, uwargida ta saurari karatun Ahalari, yara su yi tilawa. In ta tsufa a ba ƙane, in ta lalace a cire memori a sa a wata. Makullin da ya ɗaure littafi ga mutum ɗaya da na'ura ɗaya bai san wannan zama ba.

Abu na uku shi ne mafi girma. Ilimi a wannan ƙasa da kwafa ya yaɗu. Tun kafin Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19, har bayansa, littattafai suna zuwa Fombina ne a cikin gafaka. Ɗalibi ya zauna gaban malami a Sakkwato ko Katsina ko Borno ko Yola, ya ari littafi, ya dafa tawada, ya fere alƙalami, ya kwafe shi da hannunsa, ya karanta wa malam a gyara masa, ya ɗauko ya dawo gida, wani ma ya kwafa daga nasa. Rubuce-rubucen Shehu da na Abdullahi na Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello da na Nana Asma'u, na Larabci da na Fulatanci da na Hausa, ba injin ɗab'i ne ya fara yaɗa su ba. Da aka zo zamanin ɗab'i, aka riƙa sayo littattafai daga Kasuwar Kurmi ta Kano da bugun Misira da na Bairut. Da kaset ya zo, aka naɗi tafsirin azumi aka yi ta juyawa. Yau memori ne. Kayan aikin ne ke sauyawa, hanyar tana nan: wanda ya samu ya miƙa wa na gaba. Makullin da muke magana a kai an ƙera shi ne musamman don ya yanke wannan miƙawa.

To marubuci fa, ba shi da haƙƙi?

Yana da shi, kuma kada wani ya karanta wannan shafi ya ɗauka an halatta masa cin gumin mutane. Malamin da ya shafe shekara biyar yana rubuta littafi, ya ci bashi ya buga, washegari ya tarar an yi hotonsa ana rabawa a WhatsApp, an cuce shi. In aka ci gaba da haka, gobe ba zai iya buga na biyu ba, kuma mu ne da asara.

Malaman wannan zamani sun tattauna mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin ilimin addini ba a killace shi, amma mafi yawan majalisun fatawa suna kan ra'ayin farko. Ta fuskar hukuma ma, Kamaru tana da dokar haƙƙin marubuta ta watan Disamba na 2000, kuma hedkwatar OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 mai kula da mallakar fasaha, a Yawunde take.

Saboda haka abu biyu ne, a raba su. Biyan marubuci haƙƙinsa daban, miƙa wa wani kamfani mabuɗin ɗakin karatunka daban. Shaida kuwa ita ce, a 2009 Apple ya cire makulli daga waƙoƙin da yake sayarwa a shagon iTunes, kuma ciniki bai mutu ba. Sau da yawa ma makullin mai gaskiya yake wahalarwa. Ɓarawon da ya ƙware yakan fasa shi ya yi ta rabawa, shi kuwa wanda ya biya kuɗinsa shi ke tsaye a gona littafi ya ƙi buɗuwa. Makaho ma yana shan wahala, don wasu makullan suna hana manhajar da ke karanta masa rubutu da murya yin aikinta.

Ciniki ne, haya ce, ko aro?

Yanzu mu koma ga tambayar ɗalibinmu. Ɗaliban da suka kai babin ciniki sun san rabe-raben nan. A ciniki kana mallakar abu da amfaninsa, ka sayar, ka kyautar, ka ba da aro, ka yi waƙafi da shi, in ka rasu magada su gada. A haya amfani kawai ka mallaka, zuwa wani lokaci sananne, a kan lada sananne. A aro kuwa amfani ne aka ba ka kyauta. Malamanmu na Malikiyya sun kuma yi bayani cewa sharaɗin da ya rushe manufar ciniki, kamar a ce na sayar maka amma kada ka sayar wa kowa kada ka kyautar, yana ɓata cinikin matuƙar ba a janye sharaɗin ba.

To a waya, maɓallin da ka danna an rubuta "saya" a kansa. Amma doguwar takardar sharuɗɗan da ka amince da ita ba ka karanta ba, galibi cewa take yi izinin karatu aka ba ka, kai kaɗai, ba ya wucewa ga wani, kuma ana iya janye shi. Ba ciniki ba ne cikakke, tunda ba ka iya sayarwa ko kyautarwa. Bai kuma cika siffar hayar da muka sani ba, tunda sau da yawa ba a faɗi ranar ƙarewa ba. Ko a can inda abin ya fito an ga matsalar: jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta hana kamfani rubuta "saya" a kan irin wannan kaya sai ya bayyana wa mutum a fili cewa izini ne kawai yake karɓa.

Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne, mun bar wa manyan malamanmu su duba hukuncin irin wannan ƙulli. Abin da ba shi da ruɗani shi ne, Musulmi ya san abin da yake biya wa kuɗi, kada ya yi cinikin biri a sama. Kuma a tuna da gado. Dattijon da ya bar wa 'ya'yansa adaka uku ta littattafai ya bar musu dukiya da ilimi. Wanda ya tara ɗari biyar a cikin manhaja mai makulli, mai yiwuwa ranar da aka binne shi aka binne su tare. Amsar da muka ba ɗalibin ke nan: abin da ke hannunka ya fi kama da aro mai tsada, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, kafin ka biya kuɗin littafi ko karatu a waya, yi tambaya uku. Yana buɗuwa in babu rezo? In na sake waya zai bi ni? Zan iya ajiye shi a memori in buɗe da wata manhaja? In amsar duka a'a ce, ka san haya kake yi, ka auna kuɗin da wannan ido.

Na biyu, a fifita nau'in da kowace na'ura ke buɗewa: PDF ko EPUB marar makulli ga littafi, MP3 ga murya. Gwaji mai sauƙi shi ne ka kashe data, ka tura abin zuwa wata waya taka ko kwamfuta, ka ga ko zai buɗu.

Na uku, a nemi abin da masu shi suka sake don Allah. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina tana ba da rubutun Mus'hafi da tarjamomi kyauta. Maktaba Shamila, wadda ɗalibai da yawa suka sani, ana sauke ta kyauta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. Littattafan magabata kuwa, asalin matanin ba mallakar kowa ba ne, sai dai aikin mai tahaƙiƙi da mai bugawa na wannan zamani a kiyaye musu haƙƙinsu.

Na huɗu, karatuttukan da ake naɗa a masallatanmu da makarantunmu, na Hausa da na Fulatanci, kada a bar su a Facebook ko YouTube ko cikin rukunin WhatsApp kawai. Waɗancan gidajen haya ne. Kowace makaranta ta sa mutum biyu amintattu su riƙa tara su a ma'ajiya biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a wani gida, a rubuta sunan malami da littafi da shekara a kan kowane karatu. Memori yana lalacewa, don haka a riƙa juyawa zuwa sabo lokaci-lokaci.

Na biyar, muna roƙon malamanmu masu rubutu da masu karantarwa, kowa ya bayyana matsayinsa tun yana raye, a rubuce, da shaidu. In ka yi waƙafin karatunka, ka faɗa a farkon naɗin ko a bangon littafin cewa an yarda a kwafa a raba ba don kasuwanci ba. In kuma kana son a saya, ka faɗa, mu kuma mu saya. Wannan zai kawar da shubuha daga ɗalibai, ya kuma hana rigima tsakanin magada.

Na shida, kada a yi gaggawar zubar da tsohuwar kwamfuta don an ce ba ta ɗaukar sabuwar Windows. Akwai uwar manhaja mai suna Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kuma an yarda kowa ya kwafa ya gyara ya raba. Wani nau'inta mai suna Ubuntu, ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ne ya assasa shi a 2004. Akwai nau'o'inta marasa nauyi da ke tafiya a tsofaffin na'urori, suna rubuta Larabci, suna buɗe PDF da MP3. Sai dai a gwada tukuna, don wasu manhajojin da aka saba da su an yi su ne don Windows. Matasanmu masu gyaran waya da kwamfuta su koyi wannan, hidima ce ga al'umma, kuma sana'a ce.

Na bakwai, kada a saki takarda, kada a saki hadda. Littafin da kake karantawa kullum gaban malam, ka mallake shi a takarda. Ba ya neman caji, ba ya tambayar ko kai wane ne, ba mai goge shi daga nesa. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ka haddace a ƙirji kuwa, wannan ba kamfanin da ke da mabuɗinsa.

Ba muna cewa a guji na'ura ba ne. Ni'ima ce, ta kawo wa ɗalibin Ngong littattafan da kakansa zai yi tafiyar wata uku kafin ya gani. Abin da muke cewa shi ne a shiga da ido buɗe, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, a kuma tabbata abin da muka karɓa daga malamanmu zai iya wucewa zuwa ga na bayanmu ba tare da neman izinin wani baƙo ba. Duk mai tambaya ko gyara a kan wannan bayani, ya same mu bayan karatun la'asar, ko ya ba ladan a rubuce.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama masu riƙon amana, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Allah ne Mafi sani.